Layin Salamatu a Zauren Mahauci

Salamatu Rabo ungozoma ce a gidan haihuwa na Birnin Ƙonni. 'Yar Tajaye ce, amma aiki ya zaunar da ita a Ƙonni tun tana amarya, har ta yi shekara goma sha tara tana karɓar jarirai a garin. Aikinta jini ne da ruwan haihuwa, kuma ba ta taɓa yamutsa fuska a kansu ba. Abin da ba ta iya haɗiyewa shi ne ƙazantar da mutum ya zaɓa da kansa, ta jiki ko ta hali.

A daminar 2008 aka ɗauke ta a wata makaranta ta ƙasar waje mai koyar da ungozomomi daga nesa. Sharaɗin ɗaya ne: kowane mako ta sauke darasi ta intanet, ta aika da amsa ta intanet, jarrabawa ma haka. Ta yi murna, don ta daɗe tana son ƙarin ilimi a kan haihuwa mai gardama, kuma babu halin ta bar 'ya'ya da aiki ta tafi Yamai.

Da farko ta ce siber zai wadatar, wato shagon nan na kusa da tasha inda ake hayar kwamfuta. Ta je sau uku. Ɗaki ne mara taga, fanka ɗaya tana juya warin zufa da hayaƙin taba daga wannan bango zuwa wancan. Maɓallan rubutu sun yi baƙi da maiƙo, yatsa na mannewa idan ka danna. Samari uku uku a kan kujera ɗaya, suna leƙen abin da kake karantawa ba kunya. A zuwa na uku, da ta zauna ta motsa linzamin kwamfutar, sai ga hoton da wanda ya tashi ya bari a buɗe, irin wanda ko a ɗakin haihuwa ana rufawa da zane. Samarin suka kwashe da dariya a bayanta. Ta tashi ba ta buɗe darasin ba. A gida sai da ta wanke hannu sau uku da sabulu.

Mijinta Muttaƙa yana aiki a Malbaza, ba ya zuwa gida sai ranar Juma'a da yamma. Da ta ba shi labari ya ce, "To a jawo miki shi gida mana. Na ga kamfanin waya sun rataya ƙyalle a ƙofar buro ɗinsu, ofishin nan nasu, wai intanet har ɗaka cikin kwana bakwai. Ga kwamfutar da ƙanenki ya kawo tana zaune ƙura na cin ta."

Ranar Litinin, da ta tashi daga aiki, ta nufi buron.

Mutum ɗaya ne ke karɓar masu neman layi, wani Abdul Aziz, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, da rigar kanti mai guga da agogo mai walƙiya. Ta yi sallama. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba, domin yana cikin aiki: ya cire murfin biro yana sosa kunne da shi, ido a lumshe. Da ya gama ya duba abin da ya fito, ya goge a gefen tebur, ya mayar da murfin.

"Madam, mi kike biɗa?"

"Intanet nake so a saka mini a gida."

"Ke da kanki ko maigida?"

"Ni da kaina."

Ya lissafa mata takardu: katin shaida, takardar wuta, hoto biyu. Duk ta zo da su, don ta tambaya tun kafin ta taho. Wannan bai yi masa daɗi ba. Ya juya takardar wutar ya ce sunan da ke kai ba nata ba ne. Ta ce na mijinta ne. Ya ce to sai takardar aure. Ta koma gida a kan kabu-kabu ta ɗauko. Da ta dawo an rufe taga, an tafi sallar la'asar, ba a dawo ba ranar.

Washegari ya karɓa. Ya cika takarda da manyan baƙaƙe yadda ake yi a buro, sunan uba a gaba: RABO Salamatou. Wurin sana'a ya tambaya, ta ce ungozoma, ya rubuta. Da aka zo wurin adireshi ya tura mata farar takarda.

"Zana mana hanyar gidanki. Ƙonni ba ta da lambar gida."

Salamatu ta zauna ta yi zane mai kyau, kamar za a ba ta maki. Ta sa babban titi, ta sa masallacin unguwa, ta sa famfon da ake sayar da ruwa, ta ƙirga lunguna, ta yi alama a kan ƙofa mai koren fenti. Har sandar waya da ke tsaye daf da ƙofarta ta zana. Ya karɓa ya ajiye gefe bai duba ba, ya miƙo mata biron nan ta sa hannu. Ta kalli murfin. Ta buɗe jaka ta ɗauko nata.

"Kwana bakwai," in ji shi. "In ba a zo ba, ki zo ki kama ni."

Kwana bakwai suka wuce, goma sha huɗu suka wuce. Azumi ya shiga ya fita. Kullum kafin ta fita aiki sai ta bar wa maƙwabciyarta saƙo ko da masu waya za su zo. Ta leƙa buron sau biyu, Abdul Aziz ya ce dosiye, wato takardunta, ya tafi babban buronsu na Tawa, sai an sa hannu a can. Darasi kuwa ya fara. Dole ta koma siber, tana tafiya da tsumma da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a ƙaramar kwalba, ta goge maɓallai kafin ta taɓa. Mai shagon yana kallonta kamar ta zage shi.

A mako na takwas ta sake komawa buron. Wannan karon ya danna kwamfutarsa, ya ɗago yana murmushi.

"Madam, ai ke kin samu. Yau kwana goma sha biyu da aka haɗa ki."

"Aka haɗa wa?"

"Ke mana. Ga shi nan a rubuce: an kai, an saka, an sa hannu." Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "Wataƙila ba ki iya kunnawa ba. Akwai wani ɗan maɓalli a bayan akwatin."

"Wane akwati? Ba wanda ya taka ƙofar gidana."

"Ki tambayi yara. Na'ura ba ta ƙarya."

Ta ji ranta na tafasa, amma ta danne. Ta ce ya ba ta lambar layin. Ya rubuta a guntun takarda. Nan take, a gabansa, ta ciro salularta ta buga. Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Muryar wani dattijo ta fito da ƙarfi har na kan benci suna ji.

"Salamu alaikum! Rabo ne. Tsoka ake so ko kayan ciki?"

Salamatu ta kashe wayar. Ta san muryar. Rabo mahauci ne, wanda gidansa ke lungu na uku daga nata, wanda take sayen nama a hannunsa duk Lahadi.

Abdul Aziz ya sosa ƙeya. "To ai kin ji. Layi na aiki."

Ba ta tsaya ba, ta wuce gidan Rabo. Tun daga bakin lungu wari ya tarye ta. A zauren gidansa yake gyaran kai da ƙafa da tumbi bayan ya dawo daga mayanka. Ga tasoshi jere da ruwa ja a ciki, ga fatu an jingine su a bango suna ɗiga, ƙudaje sun yi baƙi a kan komai. A kan wani katako da aka kafa a bango, tsakanin wuƙaƙe da dutsen wasa su, ga farar wayar tarho, ga wani ƙaramin akwati kusa da ita yana ƙyafta koren haske. Fari ne aka kawo shi. Yanzu shatar yatsu ce ta jini da kitse ta kowane gefe, har wani zaren hanji ya bushe a kan igiyarsa.

Rabo ya taso yana goge hannu a gaban riga. Dattijo ne mai fara'a, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

"A'a, Madam ta likita! Yau ke da kanki? Da kin bugo ai da na aiko miki. Yanzu muna da talho."

"Baba Rabo, wa ya kawo maka wannan?"

"Wasu samari biyu kan moto, da tsani. Suka ce nan ne gidan Rabo? Na ce duk unguwag ga in ka ce Rabo, nan za a nuna maka. Suka ja igiya, suka kafa, suka ce in sa hannu, na dangwala. Na tambaye su wa ya aiko, suka ce daga sama ne. Ni kuwa na ce ɗana ne da ke Abijan ya tuna da ni, ko kuwa gwamnati ce." Ya nuna akwatin. "Wanga dai ban san amfaninshi ba. Na bar shi don hasken na burge yara."

Ta yi masa bayani a tsaye, gefen mayafi a hanci. Rabo ne sunan mahaifinta, buro ya sa shi a gaba, masu tsani suka karanta kalmar farko suka tsaya nan. Fuskar dattijon ta sauya. Ya tafa hannu yana salati.

"Ashe haƙƙin wani nake ci! Wallahi ban sani ba, ɗiyata. Ɗauki abinki yanzu yanzu."

Ya kai hannu zai tsinke igiyar, ta hana shi. Akwatin ba shi da amfani in babu layin, layin kuwa a bangonsa yake. Ta ce ya bari, ba laifinsa ba ne, za ta sa su zo su gyara. Ya matsa sai ta karɓi hanta a matsayin ban haƙuri. Ta ce wani lokaci. A hanya sai da ta tsaya a gindin wata bishiya ta tofar da yawu.

Ta ɗauka magana ta ƙare, tunda kuskure ya fito fili. Washegari da ta isa buron ta tarar Abdul Aziz yana cin soyayyen nama a kan tebur, wani abokin aikinsa na zaune a gefe. Ta lura da takardar da aka shimfiɗa naman a kai. Mai ya ratsa ta har ta zama kamar gilashi, amma ana ganin masallaci da famfo da ƙofa mai alama. Zanenta ne.

Ya ga inda idonta ya tsaya, bai ko motsa ba. Ya lashe yatsu ya jawo wata sabuwar takarda.

"Abu mai sauƙi ne, Madam. Takardar ƙaura za ki cika. Ki sa hannu nan, cewa kin tashi daga tsohon gidanki kin koma sabo, sai mu mayar miki da layi."

"Wane tsohon gida?"

"Inda layin yake."

"Gidan Rabo mahauci?"

"Haka na'ura ta sani."

"Kana nufin in rubuta da hannuna cewa ni Salamatu, matar Muttaƙa, na zauna a gidan Rabo, yanzu na tashi?"

"Takarda ce kawai. Wa zai karanta?"

Abokin nasa ya yi dariya da nama a baki. "Ko kuma Madam ta kwashi ordinater, kwamfutar nan tata, ta kai can ta riƙa karatu. Ga nama kusa, ga intanet."

Suka yi dariya tare. Mutanen da ke kan benci wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka taya su. Salamatu ta san garin da take ciki. Takardar da aka ce ba mai karantawa, masinja zai karanta, mai shara zai ji, kafin la'asar ta isa kasuwa, kuma ba a yadda aka rubuta ta za ta isa ba.

"Ku kuka yi kuskure," ta ce. "Ku rubuta cewa kun yi kuskure."

Murmushin ya bar fuskar Abdul Aziz. "Ba mu da irin wagga takarda."

"To ina shef, shugaban naku?"

"Shina Tawa wajen taro."

Shef ya kasance a Tawa wajen taro ranar, da mako mai zuwa, da na bayansa. Muttaƙa ya nemi izini a wurin aiki ya zo da kansa ranar wata Laraba, ya shiga buron da hula a karkace, ya fito bayan rabin awa yana huci. Abin da aka gaya mata shi aka gaya masa, har da ƙarin cewa shi ba ruwansa, ba sunansa ke kan dosiye ba.

"Kada ki sa hannu," ya ce mata a gida. "Ko da za a shekara."

"Ai ko ka ce in sa ba zan sa ba."

Ta rubuta wasiƙar koke ta kai, Abdul Aziz ne ya karɓa, don shi ke karɓar wasiƙu. Rabo kuwa duk Lahadi sai ya tambaye ta ko an gyara, da kunya a fuskarsa kamar shi ya yi sata. Ya daina ɗaukar wayar ma in ta yi ƙara, ya rufe ta da tsohon buhu.

Ranar jarrabawar farko ta zo. An ba su awa biyu, daga ƙarfe goma na safe. Salamatu ta ɗauki hutun yini, ta isa siber tun ba a buɗe ba. Ta amsa tambaya goma sha huɗu cikin ashirin, sannan layin shagon ya yanke. Mai shagon ya ce daga Yamai ne, a yi haƙuri. Ta zauna tana kallon agogo har sha biyu ta buga. Bayan kwana huɗu saƙo ya zo daga makarantar, cikin ladabi: tunda ba ta kammala ba, an ɗage mata karatun sai shekara mai zuwa.

Ba ta yi kuka ba. Ta daina zuwa buron, ta daina bin titin da yake. In ta tuna fuskar mutumin nan sai ta ji abinci ya fita ranta.

Ana saura mako biyu Babbar Salla, wata Talata da hantsi, aka shigo da wata yarinya gidan haihuwa a rirriƙe. Balkisa sunanta, haihuwar fari, tun asuba take naƙuda a gida. Salamatu ta duba ta ta ga jaririn da ƙafa ya taho. Ta leƙa baranda ta ce ina mijin, a zo a sayo safar hannu da ruwan ƙari. Wani ya taso daga kan benci da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa. Abdul Aziz ne. Ba guga a rigarsa yau.

Suka dubi juna. Ta miƙa masa takardar magani kamar yadda za ta miƙa wa kowa.

"Kantin da ke bakin ƙofa. Yi sauri."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Awa biyu da rabi ta yi a kan Balkisa. Yarinya ce mai haƙuri, tana riƙe da hannun Salamatu tana kiranta Inna. Ƙafafu suka fito, gangar jiki ta fito, kai ya tsaya. Salamatu ta sa yatsa a bakin jaririn, ta karkata shi a hankali yadda ta yi sau da yawa a shekarun nan, tana addu'a a zuci, har ya sulluɓo. Mace ce, ta fito shiru, jiki shuɗi. Ta share mata hanci, ta murza bayanta, ta hura mata iska. Da kukan ya tashi sai da ita kanta ta jingina da bango.

Ta wanke hannu ta fito ta ce masa an samu mace, uwa da ɗiya lafiya. Ya durƙusa nan a baranda yana godiya, hawaye na zuba. Har ta ji ɗan tausayinsa. Sai ya ɗago ya ce:

"Madam, wallahi da na san ke ce babbar ungozoma a nan, da ba a kai haka ba. Mi ya sa ba ki gaya mini ko ke wace ce ba? Gobe gobe za a gyara miki. Ni da kaina zan tsaya."

Tausayin ya tafi. Ƙyama ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa kama ta a ɗakin haihuwa ba. Shi da hannunsa ya rubuta sana'arta a takarda. Kuma ko da bai rubuta ba, ko da tallan ƙuli take yi, sai me?

"Ka je ka kawo mata ruwan zafi da kunu," ta ce, ta juya.

Washegari ƙarfe takwas moto ya tsaya a ƙofarta. Mutum biyu da tsani, babbansu ya ce sunansa Saminu. Sun riga sun biya ta gidan Rabo sun kwance kayan, ga su a cikin leda. Saminu ya hau sandar da ke ƙofar gida, ya ja igiya, ya huda bango, ya haɗa. Kafin shayin da ta ɗora musu ya dahu an gama.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan, Madam. Ai gidanki ya fi na mahaucin sauƙi, ga sanda a ƙofa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki yahe mana. Mu suna da unguwa kawai aka ba mu, ba mu ga wani zane ba."

"Takardar ƙaura fa?"

"Wace ƙaura? Takardar gyaran kuskure aka cika, rabin shafi ce. Tana nan cikin durowar Abdul Aziz tun da can. Sai dai in an cika ta, kwafi na tahiya Tawa da sunan wanda ya yi kuskuren."

Da suka tafi ta sa safar hannu ta asibiti, ta zauna a tsakar gida da ruwan jabel da tsohon buroshin haƙori. Ta goge akwatin, ta goge wayar, ta bi ramukan maɓallai ɗaya bayan ɗaya tana fitar da busasshen kitse. Ta shanya su a inuwa. Duk da haka, in akwatin ya ɗauki zafi, wani ɗan ƙarni na tashi daga cikinsa, har ta mayar da shi bakin taga. Intanet ɗin ya zo. Ba shi da saurin da aka yi alkawari, shafi ɗaya sai ka yi tasbihi kafin ya buɗe, amma ya zo. Ta zauna a gabansa ba ta da abin aikawa.

Ranar suna Balkisa ta aiko ƙanwarta har sau biyu, wai don Allah Inna ta zo. Don yarinyar ta shirya, ta ɗauki sabulu da turmin atamfa. A ƙofar gidan an kafa rumfa, maza na zaune a kan kujeru ana raba goro da dabino. Ta sunkuyar da kai za ta wuce, sai ta ji an kira ta. Abdul Aziz ne, cikin babbar riga sabuwa, yana jan hannun wani mutum mai tumbi da tabarau.

"Shef, ga Madam da nake ba ka labari. Tana cikin waɗanda muka haɗa kwanan nan. Yini ɗaya muka gama mata."

Ashe shef na dawowa daga Tawa in ana rabon nama. Ya gyara tabarau yana murmushi. "Madalla, madalla. Irinku muke so. Muna shirin talla a rediyo, ko za ki yarda ki faɗi kalma biyu kan yadda kika ga aikinmu?"

Mutanen rumfar na jiran ta yi godiya. Abdul Aziz yana gyaɗa mata kai.

"Zan faɗa maka a nan, ba sai an je rediyo ba," in ji Salamatu. Ba ta ɗaga murya ba. "Wata uku da rabi na yi ina zarya. Layina a zauren Rabo mahauci kuka kafa shi, kuka ce sai na rubuta cewa a gidansa nake zaune. Na rasa shekara guda ta karatu. Na rubuta maka wasiƙa, ka tambayi wanda ya karɓa. Yini ɗayan da yake faɗi, washegarin haihuwar matarsa ne."

Wani tsoho a bayan rumfa ya ce, "Subhanallahi." Shef ya cire tabarau ya shiga goge su da bakin riga. Abdul Aziz ya yi wata dariya mara sauti ya ce Madam akwai barkwanci. Ba wanda ya taya shi.

Ta shige cikin gida. Balkisa na zaune a kan gado an yi mata lalle, ta washe baki da ganinta. Salamatu ta karɓi jaririyar, ta buɗe zane ta duba cibiya, ta ga ta bushe da kyau. Ta duba idanu, ta tambayi nono, ta ce a kawo ta rigakafi ranar Alhamis. Aka kawo mata kwano cike da shinkafa da naman suna. Ta ce ta ƙoshi. Suka matsa, ta ce wallahi ba za ta iya ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Ta fita ta ƙofar baya. Ba a kori Abdul Aziz ba, ba a ma canza masa tebur ba. Abin da ya sauya kawai shi ne in ya hango ta a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen, ita kuwa hakan ya yi mata daidai. Da shekara ta zagayo makarantar ta sake buɗe mata rajista. Ta fara daga darasi na ɗaya, a ɗakinta, ta gama cikin wata goma sha takwas.